Hoto ɗaya a yini: Me ya sa wasu masu ɗaukar hoton daji suka juya wa gaggawa baya?

A ƙarshen shekarar 1994, Jim Brandenburg, wanda ya daɗe yana ɗaukar wa mujallar National Geographic hoto, ya gindaya wa kansa wata doka mai tsauri. Zai yi kwana 90 yana fita dajin arewacin jihar Minnesota ta Amurka, kusa da gidansa, amma ba zai danna kyamararsa fiye da sau ɗaya a yini ba. In hoton ya fito, madalla. In hannu ya girgiza, ko tsuntsu ya tashi kafin ya danna, to ranar ta wuce ke nan, sai kuma gobe.

Mutumin da ya saba dawowa daga aiki guda da dubban hotuna, editoci su tace su zaɓi kaɗan, shi ne ya koma yana yini cur a cikin sanyi yana auna ko abin da ke gabansa ya cancanci damar da ba shi da irinta sai wayewar gari. Mujallar ta buga hotunan a watan Nuwamban 1997, daga baya suka fito a littafi mai suna Chased by the Light. Brandenburg ya rasu a watan Afrilun 2025, kuma har yau wannan aiki na cikin waɗanda ake fara ambata idan an tuna shi.

Abin da ya yi ya fi ban mamaki idan aka duba kayan aikin yau. Kyamarorin ƙwararru na ɗaukar hoto 20 zuwa 30 a daƙiƙa guda, wasu ma har 120, kuma suna iya gano idon tsuntsu da kansu su bi shi. Duk da haka akwai masu sana'ar da suka zaɓi su tafi sannu, su ɗauki kaɗan, su kuma bar fili mai yawa a cikin hoton ba tare da komai ba. Wani zai ce wannan ai sha'ani ne na waɗanda suka ƙoshi. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, kuma za mu zo kansa. Amma ga mai aikin jarida, tambayar da ke ƙarƙashin salon ita ce wadda muke fama da ita kullum a ɗakin labarai: me ke sa a yarda da hoto a matsayin shaida?

Kwanton ɓauna ba tare da kibiya ba

Hausa tana da kalmar da ta dace da rabin farko na wannan salo. Kafin ’yan bindiga su mayar da ita kalmar labaran tashin hankali, kwanton ɓauna aikin maharbi ne: ya san mashayar dabba, ya san inda iska ke kaɗawa, ya laɓe ya jira. Abin da Vincent Munier, Bafaranshen da aka haifa a 1976 a yankin tsaunukan Vosges, yake yi ke nan tun yana yaro, sai dai shi kyamara ce a hannunsa.

Ƙa'idojin ba su da yawa, amma kowacce tana da wuya. Mai ɗaukar hoto yakan isa wurin tun kafin asuba, domin dabba ta farka ta tarar da shi ya riga ya zama wani ɓangare na dutse ko na ciyawa. Yakan zauna ta inda iska za ta taso daga wajen dabbar zuwa gare shi, saboda yawancin namun daji hancinsu ya fi idonsu aiki. Ba ya kiran dabba, ba ya ajiye mata abinci, ba ya bin ta idan ta juya. Yana iya shafe mako bai ga komai ba, kuma wannan makon ma a lissafin aikin yake, domin a cikinsa ne ake sanin hanyar da dabba ke bi da lokacin da haske ke sauka a kan wane dutse.

Munier ya bi wannan hanya zuwa tsibirin Ellesmere da ke can ƙuryar arewacin Kanada, inda ya riƙa jan kayansa a kan ƙanƙara shi kaɗai yana neman fararen kyarketai. Sannan ya yi ta komawa tsaunukan Tibet, a tudun da ya kai kusan mita 5,000, yana neman damisar ƙanƙara, dabbar da ake samu a ƙasashe 12 na Asiya amma da wuya ido ya gan ta, saboda launin jikinta da na duwatsun ɗaya ne. Ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen ya yi ta tare da marubuci Sylvain Tesson, wanda littafinsa a kan tafiyar ya ci kyautar Renaudot a 2019. Fim ɗin da Munier ya shirya tare da Marie Amiguet ya fito a 2021, ya kuma ci kyautar César ta fim ɗin gaskiya a 2022. Mafi yawan fim ɗin mutum biyu ne a kwance bayan dutse suna raɗa.

Akwai wani hoto nasa da ya taƙaita lamarin. Ya ɗauki wani shaho a kan dutse, ya koma gida. Sai daga baya, yana duba hoton, ya lura da kan damisa ya leƙo daga bayan dutsen, idonta a kansa. Dabbar da ya yi doguwar tafiya dominta tana kallonsa, shi kuwa bai sani ba.

Abin da ake cirewa

Rabi na biyu na salon shi ne taƙaitawa, wato rage kayan da ke cikin hoto har sai abin da ba makawa sai da shi ya rage. A nan sunan da ake fara kira shi ne Michael Kenna, ɗan Ingila da aka haifa a 1953. Hotunansa baƙi da fari ne, ƙanana, faɗinsu bai wuce kusan santimita 20 ba, kuma da kansa yake wanke su a ɗakin duhu. Sau da yawa abin da ke ciki bai wuce itace ɗaya a tsakiyar farar ƙanƙara ba, ko layin turakun shinge da ke ɓacewa cikin hazo.

Yadda ake samun wannan shiru a hoto ba sihiri ba ne. Kyamara tana da wata ’yar ƙofa da ke buɗewa haske ya shiga. Mai ɗaukar hoton wasan ƙwallo yana buɗe ta na ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, domin ya daskarar da motsi. Kenna kuwa yakan kafa kyamararsa a kan mazauni mai ƙafa uku ya bar ƙofar a buɗe na mintoci, da dare ma har awa goma. A tsawon wannan lokaci duk abin da ke motsi sai ya narke: igiyar ruwa ta kwanta ta zama kamar madara, gajimare ya zama zane, mai wucewa ya ɓace kamar bai taɓa bi ta wurin ba. Abin da ya tsaya cik ne kawai ke saura. Da rana, idan haske ya yi yawa, akan ɗora wa kyamarar baƙin gilashi domin a tsawaita lokacin. Hiroshi Sugimoto na Japan ya kai abin maƙura: tun daga 1980 yake ɗaukar tekunan duniya, kowane hoto rabi ruwa rabi sama, ba jirgi ba tsuntsu.

Kyamarar Hasselblad irin ta Kenna hoto 12 kacal naɗin fim ɗinta ke ɗauka. Wannan ƙaranci shi ke tilasta tunani kafin dannawa. Kuma ba ya wucewa sau ɗaya ya tafi. A bakin tafkin Kussharo da ke tsibirin Hokkaido na Japan akwai wani itace da ya karkata kan ruwa, wanda ya fara ɗauka a 2002, ya yi ta komawa gare shi a lokutan sanyi. A 2009 aka sare itacen. Hotunan da aka ɗauka domin kyau sai suka zama tarihin wani abu da babu shi kuma.

Hoton da ya shiga akwatin zaɓe

Ga wanda yake ganin duk wannan ado ne na bangon masu kuɗi, labarin kogin Franklin ya isa amsa. A ƙarshen shekarun 1970, hukumar lantarki ta jihar Tasmaniya a Ostireliya ta ƙudiri aniyar gina madatsar ruwa da za ta nutsar da wani dogon sashe na kogin. Wuri ne da ba hanyar mota, mafi yawan ’yan ƙasar ba su taɓa ganin sa ba, saboda haka ba su da dalilin damuwa da shi.

Peter Dombrovskis yakan shiga wannan daji shi kaɗai na makonni, da ƙaramin kwalekwalen roba da wata babbar kyamara irin ta da, wadda ake lulluɓe kai da baƙin mayafi kafin a leƙa, kuma falle ɗaya na fim ake saka mata a kowane hoto. Duk abin da zai ɗauka sai ya goyo shi a bayansa, don haka kowane falle da lissafinsa. A 1979 ya ɗauki wata kwana ta kogin da ake kira Rock Island Bend da sassafe: ruwa na zagaye wani dutse mai itatuwa a kansa, hazo ya sauko tsakanin tsaunuka biyu. Babu mutum a ciki, babu dabba.

Da rikicin ya yi zafi, masu adawa da madatsar suka tare wurin aikin daga Disambar 1982, aka kama sama da mutum 1,200, cikinsu har da Bob Brown, likitan da daga baya ya jagoranci jam'iyyar masu kare muhalli ta ƙasar. Gab da zaɓen tarayya na 5 ga Maris 1983, aka sayi cikakken shafi mai launi a manyan jaridu aka buga hoton Dombrovskis, tare da tambayar mai karatu ko zai iya zaɓar jam'iyyar da za ta rusa wannan wuri. Jam'iyyar Labor ta Bob Hawke, wadda ta yi alkawarin dakatar da aikin, ta ci zaɓe. Gwamnatin jihar ta ƙi sauka daga matsayinta, aka tafi kotun ƙoli, kuma a ranar 1 ga Yulin 1983 alƙalai huɗu cikin bakwai suka ba gwamnatin tarayya gaskiya. Ba a gina madatsar ba.

Kada a yi wa labarin ƙarin gishiri. Hoto bai ci zaɓe shi kaɗai ba. Tattalin arziki na cikin manyan batutuwan wannan shekara, kuma a Tasmaniya kanta, inda mutane da yawa ke kallon madatsar a matsayin aikin yi, Labor ba ta ci kujera ko ɗaya a majalisar wakilai ba. Abin da hoton ya yi shi ne ya ba miliyoyin mutane wani abu da za su ji zafin rasawa. Kuma ya iya yin hakan ne saboda wanda ya ɗauke shi ya san kogin, ya kwana a bakinsa, ya san safiyar da hazo zai sauka.

Farashin gaggawa

Kasuwar hoton namun daji tana son abin mamaki, tana kuma son sa yau. Daga nan ake samun gajerun hanyoyi. A Amurka akwai gonakin da ke kiwon kyarketai da damisoshi domin a yi hayarsu a ɗauki hoto kamar a daji. Akwai masu jefa wa mujiya ɓera domin ta taso ta nufo kyamara. Akwai masu kunna kukan tsuntsu a waya domin ya bar sheƙarsa ya fito neman abokin gaba da babu shi.

Har gasar da ta fi kowace daraja a wannan fanni, wadda gidan adana tarihin halittu na Landan ke shiryawa, ba ta tsira ba. A 2009 José Luis Rodríguez na Sifaniya ya ci babbar kyautar, mai fam 10,000, da hoton kyarkeci yana tsallake ƙofar shinge da dare. A Janairun 2010 aka ƙwace ta, bayan alƙalai sun gamsu cewa dabbar ta gida ce, daga wani gidan namun daji kusa da Madrid. A 2017 kuma Marcio Cabral na Brazil ya ci wani rukuni da hoton wata dabba mai dogon baki, mai cin gara, tana dafe da suri a ƙarƙashin taurari. A Afrilun 2018 aka soke nasarar, bayan masana biyar, kowa ya yi nasa binciken daban, sun ce dabbar matacciya ce da aka cusa wa kaya, wadda ke ajiye a wata ƙofar shiga gandun dajin Emas. Dukkan mutanen biyu sun musanta zargin.

Abin lura ga ɗan jarida shi ne yadda ake bincike a irin wannan hali. Ba kyawun hoton ake dubawa ba. Ana tambayar hotunan da aka ɗauka kafinsa da bayansa, da ainihin fayil ɗin da ya fito daga kyamara, da wanda ya ga mai hoton a wurin. A batun Cabral, babu wani hoto na gaba ko na baya da ya nuna dabbar. Wato abin da ake nema shi ne shaidar lokacin da mutum ya ɓata a wurin. Yanzu da manhaja ke iya ƙirƙiro damisa a kan dutse cikin daƙiƙa kaɗan (a 2023 Boris Eldagsen na Jamus ya ci wani rukuni na gasar Sony da hoton da na'ura ta ƙirƙira, sannan ya ƙi karɓar kyautar domin ya tona matsalar), kyau ya zama abu mafi araha a sana'ar. Abin da ya yi tsada shi ne iya cewa: ina wurin, ga ranar, ga abin da ya faru kafin nan.

Dabbobin ma suna biyan nasu farashin. A gandun Maasai Mara na Kenya, inda motocin ’yan yawon buɗe ido ke yi wa dabba ɗaya zobe kowa na neman hoto, wani bincike da Femke Broekhuis ta wallafa a 2018 ya duba rabbi, dabbar nan mai kama da damisa da ta fi kowace gudu a doron ƙasa. A wuraren da motoci suka yi yawa, abin da uwa ke iya rainowa har ya girma bai wuce 0.2 ba a kowace haihuwa idan aka raba. A inda motoci ba su da yawa, 2.3 ne.

Ƙaryar da ke cikin fili

Sai dai wannan salo yana da nasa laifin, kuma masoyansa ba su cika son a taɓo shi ba. Hoton da aka cire wa komai, an cire masa mutane. Wani lokaci dabara ce ta kyamara. Wani lokaci kuma gwamnati ce ta riga ta cire su da bindiga.

Kwarin Yosemite na Amurka, wanda Ansel Adams ya mayar da shi alamar daji marar mutum, gidan ’yan asalin ƙasar ne kafin mayaƙan sa-kai su far musu a 1851, kuma sai a 1969 aka rushe ƙauyensu na ƙarshe a cikin gandun. Filin Serengeti na Tanzaniya, wanda duniya ta sani da dabbobi zalla har iyakar gani, an fitar da makiyayan Maasai daga cikinsa a 1959. A Yunin 2022 aka sake yin arangama a Loliondo, lokacin da hukumomi suka shata fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,500 daga wuraren kiwonsu. Hoton da ke nuna Afirka a matsayin fili mai giwa da faɗuwar rana, ba garke ba bukka, yana koya wa mai kallo cewa makiyayi baƙo ne a ƙasarsa.

Ko kogin Franklin ba kango ba ne. A bakinsa akwai kogon Kutikina, inda aka samu kayan dutse da ƙasusuwan da ke nuna mutane sun zauna a wurin kusan shekara 20,000 da suka wuce. Da an gina madatsar, da kogon ya nutse, kuma wannan na cikin hujjojin da aka kafa wajen ceton kogin. Hoton da ya yi suna bai nuna wannan ba.

Ga kuma maganar kuɗi. Wanda zai yi wata guda a bayan dutse yana jira, akwai mai biya masa kuɗin jirgi da na abinci. Shi ya sa sunayen da ke cikin wannan rubutu kusan duk daga ƙasashe masu arziki suke, alhali yawancin dabbobin da ake ɗauka a ƙasashen matalauta suke. Jagoran da ya san sawun dabbar, wanda ya nuna inda za a zauna, da wuya sunansa ya fito a ƙarƙashin hoto.

A ganina wannan suka ba ta rushe salon ba, ta dai raba shi biyu. Taƙaitawa na iya yin ƙarya. Jira kuwa da wuya ya yi, domin wanda ya daɗe a wuri dole ya ga masu wurin.

Wanda ya riga ya zauna a wurin

Idan tsadar salon ita ce lokaci da kusanci, to ɗan gari yana da abin da baƙo ba zai iya saya ba. Brandenburg a bayan gidansa ya yi kwana 90 ɗinsa. Munier a dajin garinsu ya koyi laɓewa. Kuma hazon hunturu da ke rufe mana gari daga Disamba zuwa Fabrairu yana yin aikin da ƙanƙarar Hokkaido ke yi wa Kenna: ya shafe bayan fage, ya bar kuka ɗaya tsaye a cikin fari.

A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawan Afirka ta Yamma na ƙarshe suna yawo ne a tsakanin gonakin gero da ƙauyuka, ba a cikin shinge ba. A 1996 saura 49 suka rage. Yau sun haura 600. Hoton gaskiya na wannan dabba dole ya ƙunshi manomi, domin tare suka rayu har adadin ya farfaɗo. Amma wurin yana tuna mana da abin da ke hana jira a yankinmu: a ranar 9 ga Agustan 2020 ’yan bindiga suka kashe mutum takwas a can, Faransawa shida ma'aikatan agaji da ’yan Nijar biyu. A Najeriya ma, dazuzzuka irin su Kamuku a jihar Kaduna sun zama wuraren da ba mai hankalin da zai kwana a cikinsu da kyamara. Dajin da ba a iya zama a cikinsa, ba a iya ba da shaidar abin da ake yi masa.

Inda ake iya zama kuwa, aikin yana nan yana jira. Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi hunturu a cikinsa, ya canja tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Ambaliyar da ke ciyar da shinkafa da kifi da makiyaya ta ragu, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Kowane dattijo a yankin zai iya nuna maka inda ruwa ke kaiwa a da, amma idan an zauna da jami'i, maganarsa ce da ta jami'in. Mutum ɗaya da waya, wanda zai tsaya a kan gada ɗaya, ya fuskanci itace ɗaya, a makon farko na kowane Oktoba, ya ajiye ainihin fayil ɗin da kwanan watansa, bayan shekara goma zai riƙe abin da za a iya ajiyewa a gaban kwamitin majalisa.